Abin da Ya Sa Na Goge Muryar Mahaifiyarku

Ke Binta, don ke na zauna rubuta wannan babin, ko da yake Sadiku da Nura su ma su karanta. Ranar sunan ɗan Sadiku, kina bayan labule da matan gida, na ji ki da kunnena kina cewa kowa yana da abin da zai tuna uwarsa da shi, ku kuwa ubanku ya bi muryar Umma ya goge don baƙin hali. Ban tanka ba, domin ranar farin ciki ce kuma ga surukai a zaure. Amma maganar ta zauna mini kamar ƙayar kifi a maƙoshi. Gaskiya ne, na goge. Ba gafara na zo nema ba, kuma in yau aka mai da ni waccan ranar, abin da na yi shi zan sake yi. So nake ki ji yadda aka yi daga bakin wanda ya yi, ba daga bakin gwaggwanninki ba, waɗanda suna Funtuwa lokacin, ba su zo ba sai da aka shimfiɗa tabarmar makoki. Ke kika gaji allinta, yanzu ke ma malama ce, don haka ke kika fi kowa buƙatar ji. Karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya, kun sani. In kun ga rubutu ya karkace, ku karanta haka nan.

Shekarun da nake magana a kai, soja sun koma bariki, farar hula sun karɓa, arzikin mai kuma ya yi wa Abuja ambaliya. Ko ina ka duba gini ne ke tashi, kowa da 'yar wayar salula a kunne yana ihu kamar mai kiran wani daga gona. Ni na taɓa leburanci a wani kamfani a Idu, na ga ƙarfina nake zubarwa a banza, sai na kama 'yar rumfa a Kubwa ina gyaran rediyo da rikoda. Muna zaune can bakin gari inda kwalta ta ƙare, Fulani na wucewa da shanu ta ƙofar gidanmu. Tsakaninmu da firamaren unguwa fili ne kawai da wata gonar rogo. A nan mahaifiyarku, Malama Saude, take koyarwa. Ita ta yi karatun da ni ban yi ba, tana da takardar shaidar malanta, kuma ban taɓa jin haushin hakan ba, duk abin da dangina suka faɗa. Matsalar ita ce, duk unguwar talakawan da aka rushe a cikin gari don a yi wa manya fili, kanmu take zubewa. Yau a kawo yaran Ibo, gobe na Yarbawa, jibi na Tibi, kowa da buhun kayansa da 'ya'yansa a baya. Malamai kuwa, in an turo wata, matuƙar mijinta ya san wani a ofis, ba ta cika zango guda sai ka ji an mai da ita Wuse. Har aka wayi gari takardar aikin mahaifiyarku ta ce aji ɗaya, ƙafarta kuwa tana zirga-zirga tsakanin aji uku.

Ba za ku tuna ba, amma gidanmu a lokacin warin takarda yake yi. Littattafan yara a jakar Gana take ɗauko su a ka, kamar mai dawowa daga kasuwa. Na sha ganinta muciya a hannun dama, jan biro a hannun hagu, tana tuƙa tuwo tana duba aikin gida. Ban da wannan ga rubuta shirin darasi na aji uku, ga tsara jarrabawa. In an zo rigakafi ita ce mai jera yara, in yaro ya yi amai ita ce mai share wa, in iyaye biyu sun zo faɗa a kan benci ita ce alƙali. Yaran aji ɗaya sun fi bas ɗin safe mai shiga gari cunkoso, wasu a ƙasa, wasu a bakin taga, rufin kwano kuma in ruwa ya sauka ko kanka ba ka ji. Dole sai ihu. Kafin Alhamis muryarta ta koma kamar lasifikar da takardarta ta tsage. Ta dafa citta da kanumfari, ta ɗiga zuma, ta sha, Litinin ta sake komawa. Ba ta kama sunana, ba ta kama na Sadiku tunda ɗan fari ne, don haka da sunanki take kirana, Baban Binta.

Ana cikin haka zaɓe ya matso. Wani mai neman kujera ya zo taro a filin makarantar. Ba zan rubuta sunansa ba, tawada ta fi shi daraja, Onarabul dai ake ce masa tun kafin ya ci. Yana shirin magana lasifikarsu ta ƙi, aka ruga aka kira ni. Wayar ce ta tsinke, ba lokacin narka dalma a liƙe ta, sai na tsuguna a bayan dandamali na haɗa bakin biyu na riƙe da yatsu har ya gama. To ku sani, da hannuna na riƙe wayar da alkawarin ya bi ya fita, na ji shi yana ɗan ja na a fata.

"Kafin ruwan farko ya sauka, kowane aji a makarantar nan zai sami malaminsa. In ban yi ba, kada ku sake gaishe ni."

Mata suka ɗau guɗa. Ni kuwa ina tsugune na ji ɗaya daga cikin yaransa yana tambayar ɗan'uwansa sunan unguwar da suke ciki, don akwai wasu da za su je su faɗi wannan maganar kafin La'asar. Da na faɗa wa mahaifiyarku a gida, sai ta ce ko rabin abin da ya faɗa ya cika ai ta huta. Na ce mata hadarin kaka ne, ga baƙi ga rugugi, ki fito da bokiti ki mayar da shi a bushe. Ta ce ni dai ko inuwata ban yarda da ita ba. Ya ci zaɓe. Ruwan farko ya sauka, na ƙarshe ya ɗauke, rogo ya isa tono, ba malami.

Dabarar kaset ba tawa ba ce, tata ce, kuma ina so wannan ya zauna muku. Wata rana ta biyo ta rumfata karɓar makullin gida, ta tarar ina gwada wata rikoda da kaset ɗin wa'azi. Ta tsaya tana saurare da jakar littattafai a ka, ba ta ko sauke ba.

"Baban Binta, malamin nan yana ina yanzu?"

Na ce wa ya sani, wataƙila yana Kano yana barcin rana.

"Amma ga shi yana karantarwa a Kubwa."

Asabar ɗin nan muka fara. Bayan Azahar sai a tura ku gidan maƙwabta, in rufe ƙofa da taga saboda ƙarar injin niƙa, in ajiye rikoda a kan turmi a kife, in danna jan maɓalli. Ita kuma ta tashi tsaye, ta gyara mayafi, domin ta ce ba ta iya koyarwa a zaune. Abin da ya fara ba ni tsoro tun a lokacin shi ne yadda take yi. Za ta fuskanci bango ta gaishe da yara, ta yi shiru daidai tsawon amsarsu. Ta yi tambaya da Turanci, ta maimaita da Hausa tunda ita ce duk yaran suke ji a titi, ta sake yin shiru tana gyaɗa kai, idonta na bin ɗakin daga wannan kusurwa zuwa waccan kamar tana ganin fuskoki. Sai ta ce madalla, alhali ba wanda ya ce komai. Ni ina zaune a bakin gado ina jin kamar ɗakin ya cika da mutanen da ni kaɗai ne ba na gani. Wani lokaci a tsakiyar darasi sai ta ɗaga murya ta ce, kai na baya can, zauna. Na tambaye ta wa take nufi. Ta ce a aji irin nata ba a rasa na baya da ke tsaye, duk lokacin da ka faɗa za ka dace da wani.

Ranar da muka ɗauki lissafin bakwai ta riga ta yi darasi biyu, muryar ta fara yankewa. Ta kai bakwai sau tara, tari ya sarƙe ta, irin busasshen nan mai hawa biyu, ta haɗiye ta ci gaba har bakwai sau goma sha biyu. Sannan ta jingina da bango, ta sauke murya, ta ce:

"Baban Binta, kashe haka, na gaji."

Na kashe. Na ce mata bari in sake ɗaukar ƙarshen don a cire tarin da wannan maganar, ta ce ba ta da sauran muryar da za ta bayar, a bar shi. Haka ya tafi makaranta ranar Litinin. Kuma abin ya yi aiki, ba zan yi masa ƙarya ba. Na ba ta rikoda biyu cikin waɗanda masu su suka kawo gyara suka manta da su shekara da shekaru. Ta kunna ɗaya a aji na farko, ɗaya a na biyu, ita ta shiga na uku, in fuskar kaset ta ƙare ta zagayo ta juya. In ka tsaya a baranda sai ka ji Saude uku suna magana lokaci guda, kowacce da darasinta. Yaran suna ce mata Anti, kamar yadda ake yi a makarantun nan, ba a daɗe ba suka fara ce wa rikodar Anti ita ma. In an shigo da ita an ɗora a kujerar malami, sai su miƙe su gaishe ta.

Hedimastan, Mista Danjuma, Bagwari ne ɗan asalin wurin, mutumin kirki wanda shi ma aji biyu yake riƙe da shi ban da ofis. Shi ya kawo shawarar da ta karya mu, kuma da kyakkyawar niyya. An aiko cewa Onarabul zai zo buɗe sabon allon sunan makaranta da aka kafa a bakin hanya. Mista Danjuma ya ce kada a yi koke, kada a rubuta takarda, an gaji da wannan. A kai shi kawai ya ga aji cike da yara, ba malami sai rikoda a kujera, in yana da kunya za ta kama shi. Mahaifiyarku ta yarda. Ni na ce musu ba a nuna wa kura inda akuya ke kwana don a ba ta tausayi, suka ce na fara halina. Ranar na rufe rumfa na je. Ya shiga ajin da babbar riga da 'yan rakiya, ya tsaya yana kallon yara suna amsa wa akwati. Da muryar ta ce kai na baya can zauna, wani ɗan sanda da ke bakin ƙofa har ya rage tsawo. Aka yi dariya. Onarabul ya tafa hannu, ya juya wajen mai ɗaukar hoto.

"Kun gani? Wannan shi ne ci gaban da muke faɗa. Malama ɗaya, aji uku, ba hayaniya. Sauran makarantu su zo su koya."

Ya sa aka ɗauke shi hoto yana dafe da rikodar kamar mai dafa kan maraya. Bayan mako biyu ya cika alkawari irin nasa. Aka aiko da sababbin rikoda biyu, kowacce an manna mata hotonsa yana murmushi. Da wata malama ta tafi haihuwa ba ta dawo ba, daga ofis aka ce a ƙara wa Malama Saude ajinta, tunda ita tana da mataimaka.

Muryar ta tafi ne a hankali, kamar batir. Da farko safiya kawai take samu, daga baya sai raɗa, daga baya ko raɗar sai ta dafe wuya. Likita a babban asibiti ya ce wani abu ne ya tsiro a maƙogwaro, ya ce da an zo da wuri kuma an huta da wuri, da magana ta bambanta. Kwana ne ya ƙare, na sani, ba na jayayya da Ubangiji. Amma na san wanda ya ce kafin ruwan farko. Ta ci gaba da zuwa har wani lokaci, tana danna maɓalli tana nuni da hannu, har ƙafa ita ma ta ƙi. A gida cokali take bugawa a jikin kwano in tana kiranku, bugu ɗaya Sadiku, biyu ke, Nura kuwa yana goye ba ya buƙatar kira. Abin da ba ku sani ba shi ne abin da ke faruwa da safe bayan kun fita. Iska daga wajen makaranta take busowa, ta ratsa gonar rogo, ta shigo ta tagarmu. Tana kwance ba ta iya neman ruwan sha da bakinta, ga muryarta lafiya lau tana shigowa daga waje, tana gaishe da yara, tana cewa madalla. Takan zuba wa tagar ido. Wata safiya na ga ta ɗaga yatsu biyu tana murɗa iska, yadda ake kashe rediyo. Na tafi wajen Mista Danjuma a fusace. Ya riƙe hannuna biyu.

"Malam, matarka ya yi ƙoƙari, Allah Ya sani. Amma in ka ɗauke wannan, yaran nan ba su da komai. Ka yi haƙuri kaɗan, an ce malamai yana zuwa wata mai kamawa."

Na dawo na faɗa mata, na ce ki gyaɗa kai kawai in je in kwaso. Ta daɗe tana kallon tagar, sannan ta girgiza kai. Ta nuna mini in rufe tagar. Na rufe, amma katako ne mai rami, bai hana komai ba.

Ta rasu bayan Babbar Sallah. Washegarin sadakar uku, muna zaune da sauran 'yan makoki a ƙofar gida, sai ga muryarta ta ratso rogo tana gaishe da yara. Wata tsohuwa daga Funtuwa ta saki kwanon da ke hannunta ta kama salati. Matan unguwa suka daina bin hanyar makaranta da safe, sun gwammace su zagaya ta bakin rafi. Ke kuwa, Binta, ba ki isa shiga waɗannan ajujuwan ba tukuna, amma kullum sai ki sulale daga naki ki je ki zauna a gindin tagarsu. Ba ki karyawa sai kin ji ta. Ranar Asabar da Lahadi zazzaɓi kike yi. Na ga haka na ce to, ko don ke a bar shi. Na bar shi shekara ta zagayo, wata ta bi bayanta. Yaran da suka san fuskarta suka wuce gaba, aka zuba sababbi waɗanda ba su taɓa ganinta ba, har ke kika kai ajin. Malaman wata mai kamawa ba su zo ba. Ni kuma aka mai da ni mai jinyar rikoda, duk wadda ta lalace a aiko mini, in gyara muryar matata in mayar.

Da wani zaɓen ya matso, Mista Danjuma ya aiko da hantsi cewa in zo maza, rikodar aji uku ta cinye zare, ga shi gobe Onarabul zai zo da baƙi a nuna musu. Na ɗauki sukundireba na ratsa rogo. Tun daga fili na ji darasi na tafiya, lissafin bakwai, sai na ce a raina ashe sun gyara da kansu. Na zagaya ta ƙofar baya na leƙa. Rana ta ɗaga, haske ko ina, ba wani duhu da zan ce ya ruɗe ni. Rikodar tana kan kujerar malami, bakinta a buɗe, zaren kaset ya zubo har ƙasa kamar hanjin kaza. Ba abin da ke juyawa. Yaran ne. Su ke yin tambayar, su yi shiru daidai tsawon shirunta, su ba kansu amsa, su ce wa kansu madalla. Kuma ba da muryar yara suke tambayar ba. Sun dushe ta, sun ja ta yadda take ja, da karin harshenta na Katsina, a bakin 'ya'yan Ibo da Tibi da ba su san inda Katsina take ba. Ba wanda ya waiwayo, duk idonsu na kan kujerar. Sai suka ɗaga murya gaba ɗaya suka ce, kai na baya can, zauna. Na duba, ba kowa a tsaye a bayan sai ni. Wallahi sai da na zauna a dokin ƙofa.

Suka kai bakwai sau tara. Aji guda cur ya yi tari, busasshe, mai hawa biyu, suka haɗiye tare. Na san abin da ke zuwa. Suka kai ƙarshe, suka sauke murya ƙasa ƙasa, yadda mace ke yi wa mijinta magana a ɗaki in an rufe ƙofa.

"Baban Binta, kashe haka, na gaji."

Sannan suka buga harshe a ganɗa gaba ɗaya, ƙas, ƙarar maɓallin da na danna a ɗakinmu waccan Asabar ɗin. Kina layi na biyu ta wajen taga. Na ga bakinki yana faɗa tare da su, fuskarki ba komai a cikinta.

Ban yi shawara da kowa ba. Na bi ajujuwan ɗaya bayan ɗaya na zare kaset ɗin da ke ciki, na shiga ofis na kwashe sauran da ke cikin kwali. Mista Danjuma ya biyo ni har bakin rogo yana cewa oga ka tuna gobe, oga ka tuna yara. Na ce masa matar nan ta ce ta gaji tun tana da rai, ta mutu ba a sallame ta ba, yau na sallame ta, gobe kuma a nuna wa baƙi kujera. A rumfa ina da mayen ƙarfe babba da na cire daga bayan wata tsohuwar lasifika. Duk mai gyara ya san in ka goga shi a jikin kaset, abin da ke ciki ya tafi. Na bi su ɗaya ɗaya, gaba da baya. Na sa na ƙarshe a rikoda don in tabbatar, ba abin da ya fito sai shuuu, kamar ruwa na sauka a nesa. Na yi mata addu'a a wurin, irin wadda ban iya yi ba ranar jana'iza saboda ina jin ta tana magana daga wajen makaranta.

Na san abin da ya biyo baya, ba sai gwaggwanninki sun tuna mini ba. Kin yi wata ba ki kalli fuskata ba, abinci ma sai Sadiku ya miƙa miki. Iyayen yara suka daina kawo mini gyara, wasu har yau ba ma gaisawa. Yaran nan kuwa sun ƙarasa shekarar ba malami ba rikoda, suna wasan ƙasa a cikin aji, kuma na san akwai waɗanda daga nan karatunsu bai sake tashi ba. Wannan nauyin ina ɗauke da rabona a ciki, amma ba ni na yi alkawari a lasifika ba. Onarabul ya zo washegari kamar yadda aka ce. Ya ga kujera ba kowa, bai ko yi tuntuɓen harshe ba, ya ce wannan abin takaici ne da ya gada, kuma kafin ruwan farko ya sauka kowane aji zai sami malaminsa. Mata suka yi guɗa. Ya sake ci. Tun daga ranar ban sake dangwala yatsa don kowa ba, kuma in na ji mai neman kujera ya fara da kalmar ilimi, tashar nake sauyawa.

Saura abu ɗaya da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Lokacin da muke ƙara wa Sadiku ɗaki zai yi aure, an kawo mana wani birkila, Emeka, ƙato mai gemu, yana da 'ya'ya. Ya tsaya gaban bango yana lissafa bulo nawa zai ci, layi goma sha biyu, kowane layi bakwai. Irin waɗanda suka yi haddar lissafi, ba ya iya faɗowa a tsakiya sai ya faro daga sama. Ina bayansa da bokitin ruwa na ji yana gunguni da Hausa, da karin Katsina. Ya kai bakwai sau tara ya yi tari mai hawa biyu, ba mura yake ba. Ya kai tamanin da huɗu, sannan ƙasa ƙasa, kamar mai cika addu'a, ya faɗi sauran, har da ƙas ɗin harshe. Na ajiye bokitin. Na tambaye shi wane ne Baban Binta. Ya yi dariya yana shafa kai, ya ce shi ma bai sani ba, haka Anti yake gama lissafin bakwai. Na ce wace Anti.

"Ba mutum ba ne, oga. Wani rediyo ne a makarantarmu."

Ban gaya masa ba. Na ce ya ci gaba da aikinsa, na shiga ɗaki na rufe.

To ga shi, Binta. Kin ce na hana ki muryar uwarki. Ban iya hana kowa ba, tana nan tana yawo a garin nan a bakin birkiloli da direbobin tasi, tana cewa ta gaji, ba mai jin ta. Ni dai na kashe inda hannuna ya kai. Ranar Juma'ar da kika zo gaishe ni kin ce aji biyu aka haɗa miki kafin a ɗebi sababbin malamai, an ce wata mai kamawa. Kin faɗa kina dafe da wuya, kin nemi Nura ya sayo miki citta. Na ji yadda muryar ke yankewa a ƙarshen magana. Aikina ke nan shekara da shekaru, tun kafin lasifika ta tsage nake gane ta.